Masu ihun a hau sama a ɗauko Cam Ward, kun manta da Carolina ne?

Tun ranar 29 ga Disambar 2024 wasu magoya bayan New York Giants, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta gasar NFL, ke zaman makoki, kuma abin da ya jawo makokin shi ne ƙungiyarsu ta ci wasa. Eh, ci ta yi. Drew Lock ya jefa tacdawun (kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya) huɗu ya kuma ruga da ɗaya da ƙafarsa, aka lallasa Indianapolis Colts 45-33, aka kawo ƙarshen wasa goma a jere da ake ta shan kashi, ita ce ma kaɗai nasarar da suka samu a filinsu duk kakar, amma maimakon murna sai zagi, wai 'yan wasa sun ɓarar musu da lamba 1 a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i da ƙungiyoyi ke yi bi da bi duk shekara, zagaye bayan zagaye. To a Afrilun 2025 da nake wannan rubutu, kafin diraf ɗin ranar 24 ga wata a Green Bay, Tennessee Titans ke riƙe da lamba 1, Cleveland Browns na biyu, Giants na uku, sai makokin ya koma wata sabuwar waƙa. Wai a kira Tennessee a ba su duk abin da suke so, a haɗa da zagayen farko na 2026, wasu ma da ba sa jin ciwon dukiyar da ba tasu ba har na 2027 suke cewa a ɗora, a hau sama zuwa lamba 1 a ɗauko Cam Ward, kwatabak ɗin jami'ar Miami, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo. In ka ce musu ai da tsada sai su ce maka kwatabak ba ya tsada, in dai ka samu na gaske komai ka biya araha ne.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat. Domin kalmar "in dai" ɗin nan da suke wucewa a guje ita ce duk rigimar, kuma babu wanda yake tsayawa a kanta.

Mu fara da farashi tukun, tunda masu ihun ba sa son lissafi. Akwai tsohon jadawalin nan da Dallas Cowboys suka fito da shi zamanin Jimmy Johnson a farkon shekarun 1990, wanda har gobe da shi ake buɗe ciniki ko da kowa na cewa ya tsufa. A cikinsa lamba 1 maki 3,000 ce, lamba 3 kuma 2,200. Giɓin 800 kenan. Zaɓin Giants na zagaye na biyu, lamba 34, maki 560 ne, bai ma cike ramin ba. Wannan kuma a takarda ne fa, in kwatabak ake nema mai sayarwa ya san kana cikin matsi, sai ya ɗaga kai ya ce sai ka ƙara. Su Titans ɗin ma kwatabak suke nema, Will Levis ya gama nuna musu iyakarsa, don haka kafin su haƙura da Ward sai an ba su abin da zai sa su yi barci da daɗi. Ma'ana zagayen farko na baɗi, wato 2026, dole ya tafi. Kuma zagayen farkon wa? Na ƙungiyar da ta ci wasa 3 ta sha kashi 14, wadda ba ta ci ko wasa ɗaya ba a rukuninta, rukunin da Philadelphia Eagles da suka ci kofi a Fabrairun 2025 suke ciki, ga Washington da Jayden Daniels da suka kai wasan kusa da na ƙarshe, ga Dallas. Wa ya gaya muku wannan zaɓin na baɗi ba zai faɗo cikin biyar ɗin farko ba?

Ba sai mun je da nisa ba, shekara biyu kacal aka yi. A watan Maris na 2023 Carolina Panthers suna lamba 9, mai ƙungiyar David Tepper ya gaji da 'yan aro, ya gwada Teddy Bridgewater, ya gwada Sam Darnold, ya gwada Baker Mayfield, aka ce to a je a yi ta ta ƙare. Suka miƙa wa Chicago Bears lamba 9, da lamba 61, da zagayen farko na 2024, da zagaye na biyu na 2025, sannan aka ɗora DJ Moore a kai, wato mutumin da ya fi kowa iya cafe ƙwallo a ƙungiyar. Ku tsaya ku dubi wannan da kyau. Ka je sayen mai jifa, sai ka biya da wanda zai jefa wa. Suka ɗauki Bryce Young, yaron da ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a Alabama, mai kaifin basira, wanda kusan duk masu sharhi suka yarda ya cancanta. Aka shiga kaka, katangar 'yan wasan da ke kare shi kamar babu, aka kayar da shi sau 62, masu karɓar ƙwallon ba sa iya kuɓuce wa masu tsaro, koci Frank Reich bai ma kai ƙarshen kaka ba aka kore shi bayan wasa 11, janar manaja Scott Fitterer ya bi bayansa a Janairu. Suka gama da ci 2, kashi 15, mafi muni a duk NFL. A ƙa'ida wanda ya fi kowa shan wuya shi ake ba lamba 1 ya share hawaye, wannan ai shi ne duk hikimar tsarin diraf, ba kamar Firimiya ba da ake kora ka ƙasa. Amma Carolina ta riga ta sayar da nata. Suna zaune suna kallo Chicago ta ɗauki Caleb Williams da lambar da su suka sha duka suka samo.

Sai kuma ƙarin gishiri a ciwo, wanda aka ɗauka a lamba 2 a wannan shekarar, C.J. Stroud, wanda aka yi ta yayata cewa ya faɗi wani gwajin ƙwaƙwalwa kafin diraf, shi ya jefa yadi sama da 4,000 ya kai Houston wasannin fitar da gwani a shekararsa ta farko. Na san za a ce ai Young ya farfaɗo a ƙarshen 2024 bayan an ajiye shi a benci an sa Andy Dalton. Gaskiya ne ya farfaɗo, kuma ina masa fatan alheri. Amma ci 5 kashi 12 suka yi, kuma har yanzu akwai ragowar bashin Chicago da za a biya a diraf ɗin 2025.

Wannan fa shi ne manomin da ya sayar da amfanin baɗi tun damina ba ta faɗi ba, a farashin shekarar yalwa, sai shekarar ta zo da fari, buhun da ya bayar a banza ya ninka kuɗi yana ji yana gani. Ƙungiya mai rauni in ta sayar da zaɓin baɗi, tana lissafi ne kamar za ta gyaru, shi kuma mai saye yana lissafin ba za ta gyaru ba, kuma tarihi ya fi ba mai sayen gaskiya. Washington ta ba Rams zagayen farko uku da na biyu ɗaya a 2012 saboda Robert Griffin III, shekara ɗaya aka ji daɗinsa gwiwa ta tafi a wasansu da Seattle, zaɓinsu na 2014 ya zama lamba 2 a hannun Rams, ƙarshenta Kirk Cousins da suka ɗauka a zagaye na huɗu a wannan diraf ɗin shi ya gaje kujerar. Rams ɗin su ma da suka tashi daga 15 zuwa 1 saboda Jared Goff a 2016, abin da suka ba Tennessee ya zama lamba 5. Houston ta hau sama saboda Deshaun Watson a 2017, ya ji rauni a tsakiyar kaka, Cleveland ta karɓi lamba 4. Jets sun zubar da zagaye na biyu har guda uku don su matsa daga 6 zuwa 3 su ɗauki Darnold, sannan suka rasa da me za su kewaye shi. Arizona ta hau sama saboda Josh Rosen, bayan shekara ɗaya tak ta sallame shi.

Na San Francisco kuwa ya fi ban dariya. 2021, daga 12 zuwa 3, suka ba Miami zagayen farko na 2022 da na 2023 da wani na uku, saboda Trey Lance, yaron da wasa 17 kawai ya fara a North Dakota State, a 2020 ma wasa ɗaya ya buga. Wasa huɗu ya fara musu duka-duka suka tura shi Dallas a kan zagaye na huɗu. Wanda ya kai su Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a Fabrairun 2024 shi ne Brock Purdy, lamba 262, na ƙarshen ƙarshe a diraf ɗin 2022, wanda ake ɗauka lokacin da rabin 'yan kallo sun kashe talabijin. Kocinsu Kyle Shanahan fa ake magana, mutumin da kowa ya yarda ya san harkar kai hari kamar yunwar cikinsa, ya zauna ya kalli kaset ya ce Lance ne. In shi zai iya yin wannan ɓatan kai, to kai da kake kallon guntun bidiyon minti uku a YouTube da kiɗa a ƙasa, ina ka samo tabbacin da kake rantsuwa da shi?

Da zarar ka kawo waɗannan sai a jefo maka suna biyu, Mahomes da Josh Allen, kamar an gama magana. To bari mu duba su ɗin.

Kansas City da ta tashi daga 27 zuwa 10 a 2017, ci 12 kashi 4 ta yi a kakar da ta gabata. Shi ya sa ma take can ƙasa a 27. Andy Reid ne koci, Travis Kelce na nan, Tyreek Hill na nan, ga Alex Smith yana riƙe da ƙungiya lafiya lau. Patrick Mahomes ya shekara guda a benci yana kallo, wasa ɗaya ya fara, na ƙarshen kaka da ba a buƙatar komai a cikinsa. Zaɓin 2018 da suka ba Buffalo lamba 22 ya zama, domin ƙungiya ce mai cin wasa, abin da ta bayar bai yi mata zafi ba. Da ya hau a 2018 ya jefa tacdawun 50 kowa ya ce mu'ujiza, amma gida ya tarar a share an shimfiɗa masa tabarma. Kuma kar a manta a wannan daren ne dai Chicago ta biya zaɓi uku don ta matsa taki ɗaya, daga 3 zuwa 2, ta ɗauki Mitchell Trubisky ta bar Mahomes a ƙasa. Ita ma ai hawa sama ta yi, ita ma ta tabbata ta ga nata. Me ya sa ba a kawo ta a misali?

Buffalo kuma, wadda magoya bayan Giants suka fi so saboda Brian Daboll da Joe Schoen, kocin Giants da janar manajanta a farkon 2025, daga can suka zo, ta shiga wasannin fitar da gwani a 2017 kafin ta ɗauki Allen. Daga 12 zuwa 7 ta matsa, zagaye na biyu guda biyu ta ba Tampa Bay, ba ta taɓa zagayen farko na gaba ba. Allen ya yi shekara biyu yana jifa kamar mai koron tsuntsu a gona, kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari na jifansa kawai aka cafe a shekararsa ta farko, aka yi haƙuri da shi, sai a 2020 suka ɗauki zagayen farkonsu suka ba Minnesota suka karɓo Stefon Diggs, nan yaro ya buɗe. Da sun sayar da komai tun farko da me za su sayo Diggs? Baltimore ma da ta koma ta ɗauki Lamar Jackson a lamba 32 ba ta ba da zagayen farko ba. Green Bay taki huɗu ta matsa saboda Jordan Love, ta ajiye shi shekara uku a bayan Aaron Rodgers. Duk wanda ya ci riba a wannan caca za ka tarar ko dai ƙungiya ce da ta riga ta tsaya da ƙafarta, ko kuma kuɗin da ta zuba ba na jinginar da gida ba ne. Giants ba ta cikin ko ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajensu, kuma ita kaɗai nake ganin ta cancanci amsa a natse, ita ce Eli Manning. A 2004 Giants sun ba San Diego Philip Rivers, da zagaye na uku, da zagayen farko da na biyar na 2005, suka karɓo Eli, ya ciyo musu kofi biyu, duka a hannun New England Patriots na Tom Brady. Ba mai ƙwace masa wannan. Amma wanda ya kalli wasan Fabrairun 2008 ya san abin da ya faru a filin. Patriots ɗin da suka ci maki 589 a kakar, ba a doke su ko sau ɗaya ba, aka tsare su a maki 14. Michael Strahan, Justin Tuck da Osi Umenyiora, ɗan asalin Najeriya, su suka hana Brady numfashi, sau biyar aka kai shi ƙasa. 17-14 aka tashi. Sannan a wannan diraf ɗin na 2004 Ben Roethlisberger yana nan har lamba 11, Pittsburgh ba ta biya ko sisi ba ta ɗauke shi, shi ma kofi biyu ya ci. Rivers ɗin da aka bayar ya yi shekara 16 a Chargers yana jifa. Wato ko a labarin da ya fi kowane daɗi, da sun zauna a inda suke ma ba lallai su yi asara ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a wannan lokaci na shekara shi ne yadda kowa ke zama gwanin duba. Daga an gama taron gwaji na Indianapolis sai a fara auna tafin hannu, Kenny Pickett inci 8 da rabi wai ƙwallo za ta riƙa zame masa, Joe Burrow inci 9 har sai da ya yi musu ba'a cewa yana tunanin ritaya, bayan shekara biyu yana Super Bowl. Sai ranar baje koli ta jami'a, yaro sanye da gajeren wando, babu kwalkwali, babu ƙaton da ya fi kilo 130 yana rugowa ya danne shi, ya jefa ƙwallo yadi 60 kowa ya kama kai. Jifa ɗaya irin wannan Zach Wilson ya yi a 2021 intanet ta rikice, Jets suka ɗauke shi a lamba 2, mun ga yadda aka ƙare. Anthony Richardson ya zo ya yi gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.43 da wannan jikin nasa, aka manta wasa 13 kawai ya fara a Florida, Colts suka ɗauka a lamba 4, har yau ana jiran ya zama abin da aka ce. A cikin kwatabak biyar da aka ɗauka a zagayen farko na 2021, ajin da aka ce ba a taɓa irinsa ba, huɗu sun bar ƙungiyoyinsu kafin kakar 2024. Trevor Lawrence kaɗai ya rage.

Kuma wannan an yi bincike a kansa tun tuni. Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin diraf na shekaru masu yawa, suka gano cewa in ka ɗauki ɗan wasa ka kwatanta shi da wanda aka ɗauka bayansa a matsayi ɗaya, yiwuwar na farkon ya fi kusan kashi 52 ne cikin ɗari. Da kaɗan ya fi jefa kwabo sama. Sun kuma nuna ƙungiyoyi na biyan tsada fiye da kima don hawa sama, suna kuma rena zaɓin baɗi kamar ba zai zo ba. Masu ƙungiyoyi sun san da wannan bincike, ana gaya musu, su gyaɗa kai, ranar diraf ta zo zuciya ta ɗebe su.

Ni ban ce Cam Ward ba ɗan wasa ba ne. Labarinsa ma abin burgewa ne, yaron da manyan jami'o'i ba su kalla ba ya fara daga Incarnate Word, ya koma Washington State, ya ƙare a Miami inda ya jefa tacdawun 39 a 2024, hannunsa na da sauri, yana jifa ta kusurwar da ba ka zata ba, kuma ba ya firgita. Amma wannan rashin firgitar ita ce kuma ke sa shi riƙe ƙwallo yana yawo a baya yana neman abin mamaki, ya jefa ta tsakiyar mutane inda bai kamata ba. A jami'a kana tsira da haka. A NFL, a bayan katangar Giants wadda daga Andrew Thomas ya ji rauni a Oktoban 2024 ta koma ƙofa a buɗe, sau biyu a shekara kana fuskantar Jalen Carter, sau biyu Micah Parsons lokacin da yake Dallas, Allah ya kiyaye. Masu sharhi da dama ma sun faɗa cewa da a ajin 2024 ya fito ba zai shiga gaban Williams da Daniels da Drake Maye ba. To shi ne na ɗaya a shekarar da kasuwa ba kaya, kuma a kansa ake so a biya kuɗin shekarar da kaya ya cika. Caleb Williams ɗin ma da aka ce ba a taɓa ganin irinsa ba, sau 68 aka kayar da shi a Chicago, aka kori kocinsa a Nuwamba. Tsofaffin 'yan kallo kuma suna tuna David Carr a Houston a 2002, sau 76, yaron bai sake zama daidai ba.

Kullum sai a ce wane ya gaza, wane ba shi da zuciya. Darnold ɗin da Jets da Carolina suka yar, ya je Minnesota wajen Kevin O'Connell yana jefa wa Justin Jefferson, suka ci wasa 14. Mayfield da Cleveland ta kora, Carolina ta sallama, ya jefa tacdawun 41 a Tampa a 2024. Goff bai ci ko wasa ɗaya ba cikin bakwai da ya fara a ƙarƙashin tsarin Jeff Fisher, Sean McVay na zuwa suka ci 11. Hannun bai canza ba. Kofin da Eagles suka ɗaga a Fabrairun 2025, Jalen Hurts ne gwarzon wasan, lamba 53, zagaye na biyu, a bayan katangar da ta fi kowace ƙarfi, da 'yan tsaron da suka kayar da Mahomes sau shida, ga kuma wani bawan Allah mai suna Saquon Barkley da ya yi gudun yadi 2,005 a kakar. Ko sai na tuna wa magoya bayan Giants daga ina Eagles suka samo shi?

Nan ne fa maganar take. Mutanen da ake so a damƙa wa zaɓin shekara biyu su zuba a kan mutum ɗaya, su ne suka ba Daniel Jones kwantiragin dala miliyan 160 a Maris na 2023, suka sallame shi a Nuwamban 2024, su ne suka bar Barkley ya tsallaka gidan maƙiya ana ɗaukarsu a kyamara. Giants ɗin ma sun taɓa zama a ɗaya ɓangaren cinikin, a 2021 Chicago ta hau sama saboda Justin Fields ta ba su zagayen farkonta na 2022, ya zama lamba 7, kyauta daga sama, Schoen ya ɗauki Evan Neal da ita. Za a ce to ka gani, tara zaɓi ma ba ya hana asara. Haka ne. Amma mutumin da idonsa ke kuskure haka, harsashi da yawa ya kamata a ba shi ko guda ɗaya a ce ya harba sau ɗaya?

Kuma mu daina yaudarar kanmu a kan dalilin da zai sa su so wannan ciniki. John Mara, ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ya bar Schoen da Daboll a kujerunsu a Janairun 2025 amma ya fito fili ya nuna haƙurinsa ya kusa ƙarewa, bayan har jirgi aka yi haya ya zaga saman filin MetLife da ƙyalle ana roƙonsa ya gyara. Janar manajan da wuƙa ke wuyansa babu abin da ya fi masa amfani irin sabon kwatabak, saboda daga ranar duk kashin da aka sha sai a ce yaro ne yana koyo, a ba mu lokaci. In abin ya yi kyau shi ne gwarzo. In ya ɓaci an riga an kore shi, wani ne zai zo ya tarar da rumbu babu komai. Zaɓin 2026 ba nasa ba ne a zuciyarsa, shi ya sa bayar da shi ba ya masa ciwo. Amma ɗan kallo fa? Kai da za ka kasance a nan a 2026 da 2027 da 2035, kana sanye da wannan shuɗiyar rigar kana cizon yatsa, kai ne kuma kake taya shi ihu a sayar. Wallahi abin da ɗaure kai.

Sai masu cewa ai kwantiragin sabon ɗan wasa araha ne tun yarjejeniyar 2011, Williams bai kai dala miliyan 40 ba a shekara huɗu alhali Dak Prescott na karɓar 60 a shekara ɗaya, don haka rarar sai a sayo gwanaye. Da kyau. Sai dai gwanin gaske ba kasafai ake barinsa ya fito kasuwa ba, mai tsaron ɓangaren hagu na kirki ƙungiyarsa ke ɗaure shi, abin da ke fitowa saura ne a farashin na farko. Arahar kwatabak tana aiki ne in akwai wasu matasa masu araha a gefensa, su kuma daga diraf ake samunsu, diraf ɗin da kuka ce a sayar.

Masu cewa a zauna a 3 a ɗauki Shedeur Sanders ko ta halin ƙaƙa, saboda sunan babansa da hasken kyamara, yaron da aka kayar fiye da sau 90 a shekara biyu a Colorado, ba ni da lokacinsu. Masu mafarkin a sake faɗuwa da gangan a jira Arch Manning kuma, yaron da wasa biyu ya fara a Texas kafin kakar 2025, su ma cutar ɗaya ce ta canza riga.

A zauna a lamba 3. In Ward ya tafi a farko, dole ɗaya daga cikin Abdul Carter, ɗan tsaro, da Travis Hunter, mai tsaro kuma mai cafe ƙwallo, ya rage, kuma su biyun nan kusan kowa ya yarda sun fi kowane kwatabak na bana iya aikinsu. A ɗauki wanda ya rage a haɗa shi da Dexter Lawrence da Brian Burns, ko a ajiye shi gefen Malik Nabers. An riga an kawo kwatabak tsofaffin hannu, Russell Wilson da Jameis Winston, ba wanda ya ce su ne gobe, Wilson shekararsa 36 a Afrilun 2025, amma za su iya shan dukan bana a madadin yaro. In akwai wanda Daboll ya gani ya kwanta masa a rai, Jaxson Dart ne ko wani, a neme shi a 34, ko a ɗan matsa ƙarshen zagayen farko da canjin da ba zai taɓa zagayen farko na 2026 ba, a ajiye shi a benci ya koyi karatun tsaro. Sauran zaɓin kuma a zuba su a katanga, manya-manyan ƙarti masu hana mutum wucewa, ko da magoya baya za su yi ta ihun ba su san sunayensu ba a daren.